Ƙarfe a Ƙafar Dama

A shekarun nan na bayan yaƙin duniya, da zarar alhazai sun watse an naɗe tantunan Mina, sai samarin unguwanni su share wani fili a hanyar Arfa, su kewaye shi da duwatsu, su fara tseren babur. Duk Alhamis bayan la'asar ake karawa, har zafi ya dawo ya kore su. 'Ya'yan attajirai masu sababbin babura su ne sahun farko. Lurwanu ɗan unguwar Tandabawi kuwa a sahu na biyu yake, inda ake hawan tsofaffin baburan soja da aka sauke a Jidda, an cire musu birki. Zagaye huɗu ake yi, kullum ta hagu. In an zo kwana sai mutum ya kwantar da babur, ya saki ƙafarsa ta hagu tana jan ƙasa. Shi ya sa kowa yake sa wa takalmin hagu ƙarfe.

Babur ɗin ma ba nasa ba ne. Na wani dattijo ne, Ammi Abdulƙadir, mai gyaran motoci, wanda ya ce masa a gaban kowa: "Alhamis ɗin nan ce karawar ƙarshe ta bana. In ka zo na ɗaya ko na biyu, dabbabin nan da kake hawa yana hannunka har baɗi. In ka gaza, zan ba ɗan ƙanena. Khalas."

Lurwanu ɗan dako ne a lokacin hajji, yana ɗaukar kayan mutane a ka. A kan babur ɗin nan kaɗai yake jin kamar duniya ce take ɗauke da shi.

Watansa biyu da aure. Ramlatu ba ta taɓa ganin tseren ba, kuma har yanzu in ya shigo sai ta sunkuyar da kai ta tsira wa tabarma ido. Yana sonta so mai sa mutum ya manta abin da ya shigo ɗauka, amma hirarsu ba ta wuce sannu da ga ruwa. Makon da ya gabata dai ya yi mita a gabanta cewa tsohon takalminsa ya yage har ƙarfen ya fita, zai nemi aro.

Ranar Alhamis, yana shirin fita, ta tare shi a bakin ƙofa da wani ƙunshi a cikin mayafinta.

"Maigida, ba sai ka yi aro ba."

Takalmansa ne na fata, waɗanda ya sa ranar ɗaurin aurensu. Ta ce ita da kanta ta kai wa Tsoho maƙeri, mutumin Sakkwato mai yi wa jakuna linzami, ta tsaya har ya buga ƙusoshin. Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi masa.

"Ya tambaye ni wace ƙafa," ta ce, tana murmushi a ɓoye. "Na ce haba Baba, ai dama ce. Wa zai ba hagu girma ya bar dama?"

Lurwanu ya juya takalmin. Ƙarfe ne mai kyau, an goge shi har yana ɗaukar ido, an kafe shi daram a ƙafar dama. Ya ɗago zai yi magana, sai ya ga a karon farko tana kallon idonsa kai tsaye, tana jira.

"Bai yi ba ne?"

"Ya yi," ya ce. "Wallahi ban taɓa samun irinsa ba."

"To in ka dawo ka nuna mini inda ƙasa ta ci shi. Tun da ba zan ga tseren ba, sai in gan shi a nan."

A filin, abokinsa Wada ya karɓi takalmin, ya duba, ya zauna a kan dutse don dariya.

"Ya Lurwanu, da baya za ka yi tseren? Amarya ta aiko ka ka zagaya ka tare mu ta gaba?"

"Rufe bakinka."

"Ɗayyib, na rufe. Ga nawa, ni sai a rukuni na uku zan hau. Sa ka gama ka ba ni."

Takalmin Wada daidai ƙafarsa ne, ya sha ara. Lurwanu ya riƙe shi na ɗan lokaci. Ya tuna zai koma gida da ƙarfe mai sheƙi, ko ƙwarzane babu, ta karɓa ta juya shi a hannunta. Yana iya goga shi a dutse a hanya, ya sani. Amma ita tseren ta ce tana so ta gani. Ya mayar wa Wada nasa, ya zauna ya cusa ƙafar hagu cikin takalmin dama, ta dama cikin na hagu.

"Kai, aure hauka ne," in ji Wada. "Dubi ƙafafunka, kamar agwagwa ta yi fushi da kanta."

Su huɗu suka jeru: shi, da biyu daga unguwar Misfala, da Rabe na unguwar Jarwal. Aka saki ƙyalle. Zagayen farko ya shiga kwana yana na biyu, ƙarfen ya kama ƙasa yana tartsatsi, zuciyarsa ta cika har ya ji kamar ya kira sunanta. A zagaye na biyu babban ɗan yatsansa ya fara ƙuna, don duk nauyinsa a kan gefen da ba a yi don shi ba yake sauka. A na uku ya ji danshi a cikin takalmin. Ya cije. A kwanar ƙarshe ƙafar ta ƙi, ta ɗaga da kanta kamar ta taka garwashi, babur ya buɗe waje da taku ɗaya, Rabe ya kutsa ta ciki ya wuce.

Na uku ya zo.

Ammi Abdulƙadir bai yi faɗa ba. Ya dubi ƙafafun, ya dubi fuskarsa, ya kama kan babur ɗin. "Magana magana ce, ya waladi," ya ce a hankali. Lurwanu ya shafa tankin sau ɗaya, yana da zafi har yanzu, ya sakar masa.

A bayan motar ruwa ya dawo gari. Ya yi niyyar musanya takalman kafin ya shiga gida, amma ƙafar ta kumbura, ta ƙi fita. Haka ya shiga yana ɗingishi, ana kiran magariba.

Ramlatu ta taso da fara'a, sai idonta ya sauka ƙasa. Ta daɗe tana kallo.

"Hagu ce," ta ce, muryarta ta yi ƙanƙanta.

"Hagu ce. Kafaɗar hagu a ciki ake zagayawa."

"Kamar ɗawafi." Ta rufe bakinta da hannu. "Ni da aka yi ɗawafi da ni ina goye. Babur ɗin fa?"

"Ya koma wa mai shi."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta gudu ɗaki ba kamar yadda ya zata. Ta zaunar da shi a kan tabarma, ta ɗebo ruwan ɗumi da gishiri, ta durƙusa tana kwance igiyar a hankali, tana jan fatar kaɗan kaɗan har ƙafar ta fito.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Kina kallona a lokacin. Na ji tsoron in na faɗa za ki koma kallon tabarma."

Dariya ta kufce mata a tsakiyar kukan. Ta sa ƙafar cikin ruwan, ya ja iska ta haƙoransa.

"Yi haƙuri. Da zafi?"

"Da zafi."

"To daure," ta ce, ta gyara zama kusa da gwiwarsa. "Fara mini daga inda aka saki ƙyallen. Kada ka tsallake komai."