Kwana Uku a Ankara

Direba ya taka birki dab da igiyar da aka gitta a hanya, kafin a shiga Rikoto, bakin garin Zuru. Ɗan doka ya taso daga inuwa yana kaɗa kulki, ya ce sanƙarau ya sauka a gari, wanda ya shiga ba ya fita sai hukuma ta ce. Fasinja suka dubi juna, kowa ya gyara zama. Haladu mai goro kaɗai ya sauka, ya ɗora akwatinsa a ka, ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya.

A ƙasan akwatin nan akwai gwangwani cike da ƙwayar Em-an-Bi, maganin sanƙarau. Ishaya malamin asibiti, tsohon soja, shi ya ba shi sautunsa, don ya san duk bazara maganin gwamnati yakan ƙare ciwo bai ƙare ba. Kulu matar Haladu ma har zaure ta biyo shi ranar tafiya, ta ce in ya manta atamfarta ta yafe, amma ban da saƙon Ishaya.

Bai kuwa manta ba. Ya saya a Ankara, babban birnin ƙasar Gwanja, ranar da shi da abokin fataucinsa Muntaka suka gama ɗaure huhunan goro. Sai ga gari ya ɗauka, wai nan da kwana uku Bature zai sauke tutarsa ya miƙa wa baƙar fata mulki. Shekara goma sha ɗaya Haladu na bin hanyar nan, abin da ya sani a cikinta rumfar goro da cikin jirgin ruwa. Ya ce wa Muntaka ya wuce da kaya, goro ba ya jiran biki, shi zai biyo jirgi na gaba. Goro ya tuna. Gwangwani bai ko faɗo masa a rai ba.

Kallo kam ya yi shi. Ya ga tseren kwale-kwale, ya ga wuta na fashewa a sama launi-launi, ya ga matan kasuwa sun sa wani Bature a tsakiya suna koya masa rawa. Da ya je neman jirgin Ikko aka ce baƙi sun cika shi, sai na bayansa. Tafiyar teku haka take, ka ci mata kwana uku, ita ta ci maka goma sha biyu.

Kasuwar Zuru a rufe ya same ta, awaki na kwance a rumfunan mahauta. Muntaka na zaune shi kaɗai a ƙofar gidansa. Bai miƙe ba.

"Maraba da mutanen Gwanja. Kada ka nufi gida, ba kowa. Kulu na bukkokin bayan gari."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana tara. Tana da rai. Tsaya mana, ina za ka? Bari bakinmu ya zan ɗaya tukuna. Na ce ma mutane jirgi biyu munka shiga, naka ya lalace tsakiyar teku."

"Wa ya sa ka?"

"Baffanta ya tsare ni gaban jama'a ran da na iso. Mi kaka so in ce mai? Surukinka ya tsaya kallon wasan wuta? Na rufa maka asiri, abokina. Kai dai ka iya bakinka."

Haladu ya kau da kai. Ya gyara akwati ya wuce.

Bukkokin zana ne jere a fili, nesa da gidaje, dangin marasa lafiya na zaune a gindin ɗorawa da ƙoren ruwa da mafitai. Kafin ya ƙarasa ya kauce wa mutum huɗu ɗauke da gawa a tabarma, ba mai biye da su. Ishaya na wanke hannu a tasa. Ya karɓi gwangwanin, ya buɗe, ya daɗe yana duban cikinsa.

"Wannan zai tada mutum talatin," in ji shi.

"Kulu fa, Malam?"

"Kulu ta wuce wurin. Ran da aka kawo ta ko ƙwaya ɗaya ba ni da ita. Kwana huɗu ruwa kawai nake ɗiga mata, wuya ya sandare, kai ya koma baya. Rana ta biyar maganin gwamnati ya iso daga Kwantagora. Rai ya tsaya, kunne ya tafi."

"Zai dawo?"

"Na ga irinsa a bariki, na gani a nan. Ban ga wanda ya dawo ba." Ishaya ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Ni ma na hau jirgin ruwa, Haladu, har ƙasar Bama lokacin yaƙi. Wanda nasa ya lalace tsakiyar teku ba ya dawowa da kumatu. Amma ni ba alƙali ba ne. Bukka ta huɗu."

Uwar Kulu na bakin bukkar tana dama kunu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta yi masa barka da arziki har da ƙwalla, ta ce Allah ne ya fisshe shi. Ya shiga.

Da ba a ce ita ce ba, da ya wuce. Ƙasusuwan wuya duk a waje, leɓe ya tsage. Bai ga ta motsa ba sai da inuwarsa ta faɗa kanta. Ta ɗago a hankali, ta yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin muryar kansa.

"Malam, ka iso? Muntaka ya faɗa muna. Kwana uku ban runtsa ba, sai na ga ruwa na cin ka. Kazata mai ƙwai na ba da sadaka."

Haladu ya aje akwati. Ga hanya a share, Muntaka ya share ta, uwarta ta yayyafa ruwa. Abin da ya rage kawai ya gyaɗa kai.

"Jirgi bai lalace ba, Kulu," ya ce. "Kallo na tsaya."

Ta zuba wa bakinsa ido. "Mi?"

Ya matso. "Na ce kallo na tsaya. Maganin na cikin akwatina."

Ta girgiza kai, ta nuna kunnenta da yatsa, kamar mai ba da haƙuri.

Zana ba bango ba ce, ya sani. Ya san wa ke bakin ƙofa da su wa ke gindin ɗorawa. Ya ja numfashi, ya kai bakinsa dab da kunnenta, ya ɗaga murya yadda yake yi in yana kiran 'yan dako a tasha.

"Biki na tsaya kallo a Ankara. Ba abin da ya sami jirgi. Ni na riƙe maganin."

A waje ludayi ya daina taɓa ƙwarya. Masu fifita suka tsaya. Har mai nishi a bukka ta uku ya yi shiru.

Kulu ta ji ɗumin numfashinsa a kuncinta, ta ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, ta ga idonsa ya kawo ruwa. Ta ja jiki da kyar zuwa gefen tabarma, ta daddaɓa wurin da ta bari.

"Bari, Malam, ya wuce," ta ce. "Zauna. Kai ma ka sha wuya."