Kwana Arba'in da Biyar

Sau uku Marisela Quintanar ta ƙirga kwanakin da bakin biro a kalandar ofishinta da ke birnin Fresno, duk sau ukun hamsin da biyu take samu. 

Dokar ba ta da sarƙaƙiya, ita da kanta ta sha koya wa sababbin lauyoyi. In ka nemi takardu wurin abokin shari'a ya ba ka amsar rainin wayo, kwana arba'in da biyar gare ka ka aika masa sanarwar cewa za ka roƙi alƙali ya tilasta shi. In ka wuce shi ke nan, sai fa in ya ƙara maka lokaci a rubuce.

Ita kuwa da baki aka ƙara mata. A matakalar kotu Gordon Pruitt, lauyan ɗaya ɓangaren, ya ce da ita, "Ƙara mako biyu mana, gaggawar me ake yi?" Shekara ashirin suna fafatawa gaban alƙali, su fito su ci abinci tare, sai ta ji kunyar cewa ya rubuta. Kunya dai, ga lauya!

Takardun kuwa su ne ran shari'ar. Su za su nuna ko kamfanin da ke gyaran injin busar da inabi ya san murfinsa ya lalace kafin ya cinye yatsu uku na Tovmas Arakelian, dattijon da take wa lauya. Ga Tovmas ɗin can ɗakin jira, ya zo jin ranar zaman kotu.

Ta kira Gordon a waya.

"Mutuniyar! Yau da wane sharri kika tashi?"

"Gordon, mako biyun nan da ka ba ni. Turo mini layi ɗaya a rubuce, don Allah."



"Marisela, tun Litinin kamfanin ya karɓe shari'ar daga hannuna. Wasu yaran lauyoyin Los Angeles aka ba, masu ƙirga kwana kamar agogo."

"Amma ai ka faɗa!"

"Na faɗa, ko gaban alƙali zan maimaita. Sai dai kin san abin da zai tambaye ki: ina takarda?"

"To rubuta yanzu, ka sa kwanan watan ranar da muka yi maganar."

Tana rufe baki ta ji kunyar kanta ta kama ta.

"Ban ji wannan ba," in ji shi a hankali. "Ke ma ba ki faɗa ba."

Ta ajiye wayar. Tana iya ce wa Tovmas alƙali ne ya ƙi, ba zai taɓa ganewa ba. Ta daɗe zaune tana juya wannan a ranta, tana tsoron yadda ƙaryar ta zo mata da sauƙi.

Da ta fito, Tovmas ya miƙe ya cire hula da hannun hagu.

"'Yata, sun ba da takardun?"

"Zauna, Baba." Ta rubuta wani suna da lambar waya ta miƙa masa. "Wannan lauya ne mai gaskiya, ka je wurinsa gobe."

"Wani lauya kuma? Wa zan sake kai ƙara?"

"Ni," ta ce.