Lakar Gonar Malam Barau

"Ku ɗauke kwalin lemon nan daga gabana," in ji Malam Barau. "Wanda kuka zuba min a rijiya bai ƙare ba tukuna."

Manaja Sharfaddeen na kamfanin lemon kwali yana tsugune a zaure, ya tattare babbar riga kada ta taɓa ƙasa. Ni ina gefe ina yi wa Barau fifita. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a nan Kademi, shi ya sa tunda ƙafafunsa suka kumbura nake wuni a wajensa.

"Haba Baba, alheri ne ya kawo ni," in ji Manaja. "Lakar nan kawai za mu kwashe, mu gyara maka gonarka. In ma sayarwa kake so, mu saya."

Alheri! Mu muka san alherinsu. Tun da suka kafa injin matse mangwaro da lemo a hanyar Gaya, ruwan wanke-wankensu suke tarawa a kududdufi, ya kwanta ya zama baƙar laka mai tsami, da ɓawo da ƙwallo a ciki. Sai tanka ta ɗebo ta juye a kwarin gonar Barau, wai taki ne kyauta. Gyaɗa ta ƙone. Rijiyar gonar ta koma wari. Shanun huɗarsa biyu suka sha ruwan kwarin, cikinsu ya kumbura, kafin a kawo wuƙa sun mutu mushe. Ni na raka shi ƙofar kamfanin, kuma da kunnena na ji wannan Manajan, daga cikin mota, ko gilas bai gama saukewa ba, yana cewa, "Ai al'adarku ce, Baba. Jujin da aka zuba a gonar mutum nasa ne. Mu mun ba ka."

To, bara sai ga wasu malamai daga jami'a da kwalabe da safar hannu. Suka ɗebi lakar suka tafi. Ashe akwai wani sinadari a cikinta mai danƙo kamar ƙaro, wanda ake tacewa a sa a alawa da magunguna, har waje ake nemansa. Kamfani ya sayo injin tacewa, kuma tulin da ya fi kowanne yawa yana kwance a gonar Barau.

"Ka tuna abin da ka ce min a ƙofa?" Barau ya tambaye shi.

"Baba, a bar tuna baya."

"Ni kuwa shi kaɗai ya rage min. Ka ce tawa ce. Na karɓa."

Bayan Manaja ya fita, Mudassir, babban ɗan Barau, ya matso. "Baba, don Allah ka bari su saya. Gonar ta riga ta mutu, me za mu yi da ita?"

Barau ya daɗe yana kallonsa. Ya san ranar da ya rufe ido yaran za su sayar, kuma ban ga laifinsu ba. Likitan Gaya ya ce ƙoda ce. Bai ce lakar ce ta jawo ba, ni ma ban rantse ba, amma na san rijiyar da mutumin nan yake sha in yana noma.

"Usaini," ya ce min, "kira min Liman da Mai unguwa."

Suka zo bayan la'asar. Ya sa na jingina shi da bango, yana numfashi da ƙyar.

"Kullum kuna kukan makabarta ta cika. Ku shaida, gonata ta kwari na bayar wakafi a yi makabarta, daga bakin titi har gindin kuka. Ta tudu ta ishi yara. Kuma ni za a fara kaiwa."

Liman ya ce, "Malam Barau, don Allah ka bayar, ko don fushi?"

"Allah ya san rabonsa a ciki, Malam. Ku dai ku shaida."

Suka shaida. Mudassir ya tashi ya fita.

Ranar Alhamis da hantsi Barau ya cika, kansa a cinyata. Muka haƙa masa a gefen da ƙasa take da tauri, kusa da inda lakar ta tsaya. Manaja ya zo jana'iza, don motar haƙarsu tana bakin titi tana jira, ya ɗauka za a daidaita da magada. A sahu aka faɗa masa gonar ta zama makabarta. Na ga fuskarsa ta zube. Da aka zo rufewa ni na miƙa masa shebur da hannuna, na ce, "Bisimilla Manaja, ai kun saba zuba masa."

Ya karɓa, ya zuba, idon jama'a a kansa. Allah ya yafe min, a bakin kabari nake, hawaye na zuba, amma zuciyata fari ƙal. Duk ƙasar Gaya babu direban da zai sa bakin mota a makabarta, shi ma ya sani.

Motar ta yi kwanaki a wajen kafin su janye ta. Yanzu kaburbura sun fara yawa a gefen nan mai tauri. Shekaranjiya na je ziyara bayan ruwan farko. Lakar ta bushe ta tsattsage, kuma daga wata tsaga, daidai ƙafafun Barau, ƙwallon mangwaro ɗaya ya tsiro da jajayen ganye biyu.