Ƙwai Tara a Ɗakin Inna

Shekara arba'in da huɗu ke nan da kafa gidan. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya gina shi a bayan gari, ɗaki uku da rijiya, a tsakiyar fili mai faɗin eka biyu. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta shigo gidan da kaza ɗaya tak a cikin kwando. Duk wata kaza da ta taɓa yin kiwo a tsakar gidan nan jinin wannan kazar ce, kuma da ƙwansu aka reni 'ya'ya biyar.

Ɗanta na ƙarshe, wanda ita kaɗai take kira Auta, sauran jama'a kuwa Akawu, ya yi aikin gidan waya shekara goma sha ɗaya kafin a rufe ofishinsu. Ranar da ya dawo da takardar sallama, mahaifinsa ya shekara biyu da rasuwa. Inna ba ta yi masa jaje ba. Sai ta nuna masa wani tsohon ƙyaure da ke jingine a bayan ɗaki, ta ce, “Ga katako nan. Mun ga ka iya riƙe biro, saura mu ga guduma.” Da wannan ƙyauren ya haɗa akurkinsa na farko, ya zuba 'yan tsakin kamfani guda hamsin, irin masu yin ƙwai.

Daga nan abu ya yi ta gaba, gidan kuma ya yi ta ja da baya. A shekara ta uku aka tashi lambun Inna aka gina ɗakin kaji na farko. A ta biyar aka sare bishiyar gwaiba, domin tsuntsaye na sauka a kanta. A ta shida ɗakin marigayi ya zama ma'ajiyar abincin kaji, aka fitar da gadonsa aka jera buhuna har rufi. A ta takwas aka kewaye filin da katanga, aka yi wani ɗan rami na siminti a bakin ƙofa, aka cika shi da ruwan magani, duk mai shigowa sai ya tsoma takalmansa. Kowane karo sai Akawu ya je ya durƙusa ya nemi izini, kowane karo kuma amsar Inna ɗaya ce: “A yi.” A shekara ta goma sha biyu kaji sun kai dubu shida, mutum goma sha huɗu ke cin abinci a wurin, kuma abin da ya rage wa Inna shi ne ɗakinta, da ɗan filin gabansa, da kajinta bakwai.

A wannan shekarar ce wani kamfani mai kantuna da yawa ya yarda zai riƙa ɗaukar ƙwan gonar duka, muddin aka samu takardar shaidar tsabta daga hukuma. Saboda wannan alkawarin Akawu ya gina ɗaki na huɗu ya ƙara ma'aikata. Ranar wata Asabar likitan dabbobin da ke duba masa kaji ya zagaya ko'ina, har ya iso ƙofar Inna, ya tsaya yana nuna kajinta da biro.

“Akawu, waɗannan 'yan yawon fa? Su ma ka ɗauke su aiki ne?”

“Na Inna ne, Likita.”

“Na sani. Tawa tsohuwar ma tana da su, da za ta ji ni yanzu da na sha rankwashi. Amma kazar da ke yawo da tsuntsun daji take shan ruwa. Ciwon da za ta kwaso ita ko tari ba za ta yi ba, naka dubu shidan kuwa kwana uku ya ishe su. Ranar Alhamis masu dubawa za su zo. In suka ga tsuntsu ɗaya da ba na ɗakunan nan ba a cikin katangar nan, ka manta da takarda.”

Kwana biyu Akawu yana zuwa gaisuwa yana komawa da maganar a bakinsa. Ranar Litinin da safe ya tarar da ita tana watsa tsaba, kajin sun kewaye ƙafafunta.

“Auta,” ta ce, ba ta ko waiwayo ba, “tun shekaranjiya kake zagaya ni kamar wanda ya fasa mini tulu. Kunnena bai mutu ba, na ji likitanka. Ba za a yanka su ba. Ka kira Yayarka ta zo ta kwashe su.”

Ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Sai ta ƙara da cewa, “Abu ɗaya nake roƙo. Kazata Wake-wake tana kwanci a kan ƙwai tara, yau kwana goma sha huɗu. Saura bakwai. Kazar da aka ɗaga daga gurbinta ba ta komawa kan ƙwai, kai ma ka sani. Ka ba ni kwana bakwai.”

A shekara goma sha biyu wannan ne karo na farko da ta roƙe shi wani abu. Ya buga wa Likita waya, Likita ya ce ranar ba a hannunsa take ba. Ya buga wa ofishin masu dubawar, aka ce in ya ɗaga wannan zuwan sai bayan wata huɗu, ga shi kamfanin ba zai jira ba. Ya dawo ya durƙusa a ƙofarta ya gaya mata. Ta ce, “A yi.”

Ranar Laraba babbar yayarsa ta zo daga garin da take zaune, tafiyar awa huɗu, aka ɗaure kajin a kwanduna. Wake-wake ta yi ta kuka tana saran hannun direban gonar. Akawu ya leƙa gurbin ya ga babu ƙwai, ya ɗauka an haɗa da su, kunya kuma ta hana shi tambaya. Alhamis masu dubawa suka zo, suka auna, suka rubuta, suka yaba. Sun ce takarda za ta fito, amma ya sani suna iya dawowa kowace rana ba da sanarwa ba.

Tun daga Larabar Inna ta daina fitowa. Abinci sai a miƙa mata ta bakin ƙofa. In ya zo gaisuwa ta bayan labule take amsawa, kuma yana jin warin kananzir da rana tsaka, a gidan da ke da lantarki. Ya ɗauka fushi ne, ya ga kuma ya cancanta.

Litinin da hantsi yana durƙushe a ƙofar sai ya ji wani siririn kuka, wanda duk duniya babu wanda ya fi shi saninsa. Ya ɗaga labulen. Ga kwali a gefen gado, an shimfiɗa tsumma, fitila na ci a kusa da shi, ga 'yan tsaki uku suna tangaɗi. Idanun Inna sun yi ja sun faɗa. Kwana biyar tana juya ƙwan da hannunta, tana gwada zafinsu a kumatunta.

“Uku suka fito,” ta ce. “Shida bara-gurbi. Hannuna bai kai cikin uwarsu ba.”

“Inna...” in ji Akawu. “A bar su a nan. Ba mai shiga ɗakinki.”

“Kaza ce, Auta, ba tsintsiya ba ce da za a jingine a bayan ƙofa. Mako biyu za su nemi rana. Kuma ba zan mai da kai maƙaryaci a gidan ubanka ba, mutum goma sha huɗu na kallon hannunka.”

“To, direba ya kai su gidan Yaya.”

“Wa zai riƙe su? Wake-wake ta manta da su, Yayarka a kasuwa take wuni. Fitilar nan sai da mai tsaro. Ni zan kai su.”

“Kwana nawa za ki yi?”

“Sai sun yi gashi.”

A lokacin ne idonsa ya kai kan akwatin ƙarfenta, an ɗaure shi da igiya. Bangon da agogon marigayi ya shekara arba'in a rataye babu komai sai ƙusa. Tsaki mako shida ya ishe su yin gashi, kuma wanda zai yi mako shida ba ya cire agogo daga bango. Ya buɗe baki zai ce a fasa takardar, a fasa kamfanin, sai ya tuna fuskokin ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya, bakin ya rufu. Inna ta ga buɗewar, ta ga rufewar, ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba amsar da ta dace.

Da kansa ya ɗauki akwatin. Ita ta rungumi kwalin, ta ƙi kowa ya taɓa. Suka wuce ta gaban ɗakunan huɗu, inda kaji dubu shida ke ta hayaniya, babu ɗaya da ta san muryarta. A bakin ƙofa ta tsaya, ta tsoma takalmanta a ruwan magani, dama sannan hagu.

“Inna, ai na masu shigowa ne,” in ji maigadi.

“Na sani, ɗan nan. Ban taɓa fita ba tun da aka yi shi, ina so in ji yadda yake.”

Motar ta tashi. Akawu bai bar wurin ba har ƙurarta ta kwanta. Ya koma ɗakinta ya tarar ta share shi tas, ta bar kwanon tsaba a bakin ƙofa da ragowar ta jiya a ciki. Yana tsaye riƙe da kwanon aka kwala masa kira daga waje: motar kamfani ta iso, ana jiran ya zo ya sa hannu a fara lodi.