Ƙeyar Uwar Biyu

Darakta mutum ne da ko ruwan sha zai nema sai ya haɗa da lacca. Ranar da ya kira Uwar Biyu ya ce ita za ta buɗe masa sabon fim ɗinsa na ban tsoro, a tsaye ya tsare ta yana bayanin yadda tsoro ke shiga jikin ɗan Adam, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan yana zane a iska. Ita dai magana ɗaya ta tsinta a cikin surutun, cewa da ita za a fara. Ta daɗe a harkar fim tana cike gurbi, yau mai wucewa a bayan jaruma, gobe mai kuka a gidan makoki, har Yayarta ta raɗa wa sana'ar suna rakiyar kyamara. Duk taron dangi sai Yaya ta tambaye ta a gaban mutane, da murmushin nan nata, ko an fara ganin fuskarta. Abin yana ci wa Uwar Biyu rai ƙwarai, ba ta dai nunawa.

A wani tsohon gida aka yi ɗaukar, da rana tsaka, an toshe tagogi da baƙin yadi, zafi kamar gidan burodi. Labarin bai taka kara ya karya ba: mace ta dawo gida, ta tarar da ɗakin da ta kulle a buɗe, ta bi siririn lungu ta leƙa, abin da ke ciki ya gama da ita. Aikin da mai hankali zai kammala kafin shayi ya huce, shi Darakta ya mayar da shi na yini guda.

"Anti, rage sauri," in ji shi. "Ba kasuwa za ki ba. Ki taka kamar ƙafarki ba ta yarda da ke ba."

Ta taka. Mai kyamara ya durƙusa yana bin dugaduganta. Aka sake, ya koma bayanta yana numfashi a wuyanta. Aka sake, aka ɗauki hannunta a kan makulli. Mai sauti, ƙato da shi har da gemu, ya tsuguna gaban famfo mai ɗiga da makirfo, sannan ya koma yana lallaɓa ƙyauren ƙofa don ya yi ƙara. Uwar Biyu ta dube su ta yi tsaki a ciki. Manyan mutane, masu iyali, sun taru suna yi wa famfo hidima.

"Darakta, fuskata fa?"

"Tana zuwa, Anti. Mai kallo sai an ja masa rai. A nuna masa rabi, ya ƙarasa rabin da kansa."

Ta ce to, don ba ta ga amfanin musu da mutumin da ke sa baƙin tabarau a cikin duhu ba.

Daga ƙarshe aka juyo da kyamara gabanta. Nan ta zuba duk abin da ta yi ta gwadawa gaban madubi, ta zaro ido, leɓe na rawa, ta kurma ihun da ya sa mai riƙe fitila ya ja da baya. Darakta ya ce madalla, idonsa a kan wayarsa.

Da ranar nuna fim ta zo, da kanta ta je ta ɗauko Yaya. Ba ta gaya mata inda za ta fito ba, so take ta ga yadda murmushin nan zai mutu. "Ki dai zo ki gani da idonki," abin da ta ce ke nan. Yaya ta zo, ta zauna a zauren tana fifita da katin gayyata, tana duban kujerun kamar za su ɓata mata kaya.

Aka kashe fitilu. Allo baƙi ƙirin, sai ɗigar famfo. Can sai ga ƙafafu, sai hannu a kan makulli, sai ƙeyar mace tana tafiya a lungu, kyamara na bin ta a hankali kamar wani ne ke laɓe a bayanta. Babu kiɗa ko kaɗan. Masu taunar gyaɗa a layin baya suka daina. Katin Yaya ya tsaya cak. Uwar Biyu ta ji haushin yadda shirmen Darakta ke kama mutane, amma ta gyara zama, don ta san abin da ke tafe. Ƙyaure ya yi ƙara. Matar ta tsaya, ta fara juyowa, gefen kunnenta ya bayyana.

Sai allo ya koma baƙi. A cikin duhun aka ji ihun, sannan sunan fim ya fito da jan rubutu.

Zauren ya kaure da salati da dariyar waɗanda suka ji kunyar tsoratarsu. A layin gaba Darakta ya waiwayo yana gyaɗa kai kamar wanda ya gano maganin mutuwa. Ya yanke fuskar. Ya bar famfo, ya bar ƙyaure, ya yanke ta.

Yaya ta saki damtsen Uwar Biyu da ta damƙe, tana haki.

"Wayyo, baiwar Allah, ko ganin ta ba mu yi ba an kashe ta." Ta matso ta rage murya. "To ke kuma yaushe za ki fito?"

Uwar Biyu ta dubi allo, inda jaruma ke dariya a cikin mota, fuskarta ta cika bango.

"Saura kaɗan, Yaya."

Yaya ta gyara zama, ta ɗora jaka a cinya, ta shiga duba kowace mace da ta gifta a bayan jaruma.