Sunan da Na Cire

Aikina a cibiyar bincike shi ne goge mutane. Masu bincike su kawo hirarrakin da suka naɗa, a rubuta su, ni kuma in cire duk sunan da ke ciki, in ba mai maganar lamba, in adana a ma'ajiyar da kowa zai iya karantawa. Bayan shekara biyar sai in goge muryoyin, takardar da ta haɗa suna da lamba kuma in ba injin yayyaga takarda. Alkawarin da muke yi wa mutane ke nan kafin su buɗe baki. Abokan aiki na kirana Magogi, kuma ban taɓa jin haushi ba.

Ran nan da hantsi wata mata ta shigo ofishina riƙe da takarda ɗaya da ta samo daga ma'ajiyarmu, duk ta yamutse. Ta ce mahaifiyarta tela ce, ta rasu bara, kuma an taɓa yin hira da ita a bincikenmu kan ciwon bayan masu ɗinki.

"Lamba ta 214 ce. Na gane ta, malam. Ba wanda ke zagin keken ɗinki kamar ita."

Na ce ba zan iya tabbatar mata ba. Ta ce ba tabbaci ta zo nema ba, sannan ta ɗora yatsa a kan wani layi: "A cikin 'ya'yana, [an cire suna] ce nake tunani idan na kasa barci. Na yi mata tsanani, amma ita ce ta ɗauko ni."

"Mu uku ne mata," ta ce. "Ni rabona da ita shekara huɗu ba ma magana, har ta rasu. Wa ta ambata?"

Na buɗe kundin bayanin fayil ɗin, ko da yake na san abin da zan tarar. Komai tsaf: ranar hira, ranar rubutawa, ranar goge murya shekara biyu da suka wuce, da sa hannuna a ƙasa. Na ji kunyar tsaftar aikin.

"Amma ai kai ka cire shi. Ka gan shi da idonka."

"Na gani, baiwar Allah. Shi da wasu dubu uku."



"To ka yi mini ƙarya mana," ta ce.

Na buɗe baki, sai na tuna ban tambaye ta sunanta ba.