Iya Inda Hannun Mama Ke Kaiwa

Tun da Emil Hudak ya ajiye tuƙin motar bas ya sauka ɗakin ƙarƙashin gidansa ya hau gina garinsu, kuma har yau bai gama ba. Garin na gaske yana can bakin kogin Monongahela, ciyawa ta cinye rabinsa tun da aka rufe masana'antar ƙarfe. Na Emil kuwa a kan tebur yake, daga bango zuwa bango, kamar yadda yake lokacin yana yaro: layin dogo, gada, coci, tudun kwal, da 'yan jiragen ƙasa masu zagayawa su dawo inda suka tashi. Mutanen garin ba su fi farce tsawo ba.

Masu wannan sha'awa suna da ƙungiya, kuma abin kunya ɗaya ne a wurinsu, wato a ga sabon abu a teburinka. Haɗa gida da gam kowa ya iya. Gwaninta ita ce tsufar da shi. Sai ka ga dattijo da hankalinsa ya kwashe wata guda yana gina tasha tsaf, sannan ya zauna ya ɓata ta da hannunsa yana murmushi. A fannin ɓarnar nan ba a kai Emil ba. Yakan kankare baƙin alli ya zama gari ya bi bango da busasshen burushi, ya zubo da tsatsa daga gindin ƙusa yadda ruwan sama ke yi. Ƙasar gefen layin ma ta gaske ce, daga garin ya ɗebo ta a bokiti, ya gasa ta a murhun girki don ƙwari su mutu, ya tankaɗe ta da rariyar marigayiya matarsa.

Ranar Asabar 'yan ƙungiya za su zo ganin teburinsa. Gini ɗaya ya rage bai manne ba, gidan da aka haife shi. Ya gina shi ya tsufar da shi, sai dai ya manta ko ƙofar baya tana dama ko hagu, kuma mutum ɗaya ya rage a duniya da ya sani. Dole ya kira yayarsa Dolores, wadda ba sa haɗuwa sai a jana'iza da Kirsimeti.

Ta zo ranar Alhamis da tukunyar kabeji mai naɗin nama, domin a ganinta namiji marar mata yunwa ce ke kashe shi. Ta sauko matakala tana ƙorafin gwiwa, ta leƙa garin. Ta gane cocin. Ta gane shagon mahauci har ta yi dariya. Da ta iso layinsu sai dariyar ta tsaya.

"Wannan baƙin na su wa ne?"

"Namu ne mana."

"Namu mu da wa? Kai Emil, gidan Mama ne ka shafa wa toka haka?"

"Dolores, garin nan ko ƙanƙara baƙa take sauka. Kin manta? Farar riga ba ta wuni a igiya."

"Ni za ka tuna wa? Matar nan kullum da safe tana waje da bokiti da tsumma, sanyi ko zafi, har hannunta ya tsattsage. Shi ne za ka tara min ƙattan banza su zo su ce ƙazama ce?"

"Ba wanda zai ce haka. Cewa za su yi aikin ya yi kyau."

"Ai ya fi muni."

Ta sa yatsu biyu ta ɗauke gidan, ta buɗe jakarta ta jefa shi kusa da maganin hawan jini, ta rufe.

"Ƙofar baya tana hagu," ta ce, ta haye sama.

Emil ya tsaya yana kallon gurbin, kamar wawulo a baki. Idan ya mayar da gidan fari fat, Stosh Bielak, ɗan garinsu kuma mafi kaifin baki a ƙungiyar, zai leƙa ya tambaye shi ko yanzu ya ciro shi daga kwali, kuma ba za a daina maimaita maganar ba har a binne shi. Idan kuwa ya ƙi, to ya san Dolores. Ta taɓa daina yi wa ɗan kawunsu magana saboda faranti, mutumin ya mutu ba su shirya ba. Ita kaɗai ta rage masa, kuma tsoro ya kama shi sosai, ko da yake da za ka tambaye shi cewa zai yi gidan yake ji.

Da ya hau sama ya tarar ba ta tafi ba. Tana zaune a teburin kicin da tabarau a hanci, ta ajiye gidan a gabanta da kofin ruwa, ta naɗa auduga a tsinken sakace.

"Ke! Kwana da kwanaki na yi a kan bangon nan!"

"Zauna ka ci kabeji, ɗan auta."

Ya zauna, bai ci ba. Yana kallo ta fara da matakalar ƙofa, ɗaya bayan ɗaya. Ta goge ƙofar. Ta goge bakin tagogin ƙasa. Sannan ta kama bango tun daga tushe, tana hawa a hankali, farin fenti yana fitowa, ran Emil yana fita tare da shi. Da ta wuce saman taga da ɗan kaɗan sai ta tsaya. Ta juya gidan, ta yi wa ɗaya gefen haka, ta sake tsayawa a daidai wurin.

"To ƙarasa mana, tunda kin riga kin kashe ni."

"Na gama."

"Saman fa?"

"Nan hannun Mama yake tsayawa. Ko ta hau kujera, nan ne iyakarta. Baba ya ce shi zai wanke saman ranar hutu."

"Ya wanke?"

"Ranar hutu ai barci yake."

Emil ya ɗauki gidan ya kai shi kusa da fitila. Ƙasa fari, sama baƙi ƙirin, tsakaninsu layi mai ɗan lanƙwasa, irin wanda hannu ke bari idan ya miƙe iya miƙewa. Shi daga kan gada ya saba hango gidan idan ya dawo daga makaranta, ba ya ganin komai sai rufi da saman bango. Dolores ce mai riƙe wa Mama bokiti a ƙasa. Sai ya jawo tukunyar.

"Gishiri ya yi yawa," ya ce.

"Haka Mama take yin sa."

Ranar Asabar dattawa suka cika ɗakin, kowa da kofin kofi da ra'ayinsa. Dolores ma ta zo, ta zauna a kujera kusa da matakala, jakarta a cinya, ko za a sake buƙatar ta. Stosh Bielak ya zagaya garin hannu a baya. Ya ce tsatsar gadar ba laifi, wanda a bakinsa yabo ne babba. Da ya iso layin su Emil sai ya ciro gilashin ƙara girma ya sunkuya a kan gidan. Ya daɗe. Emil ya shirya wa maganar kwali.

"Gajeruwa ce," in ji Stosh.

"Wa?"

"Tsohuwarku. Tamu ta ɗan fi ta, tana kaiwa har wayar lantarki." Ya miƙe, ya bi layin da yatsa har bayan coci, ya tsaya a kan wani ɗan gida mai rufin kwano. "Wancan namu ne, ko?"

"Naku ne."

"Ga shi ka yi shi baƙi har ƙasa."

Can sai aka ji ƙarar buɗe jaka. Dolores ta taso, ta miƙa wa Stosh tsinke da auduga, ta karɓe masa kofin daga hannu don kada ya zubar wa garin.

Stosh ya sunkuya, ya fara da matakalar ƙofa. Wani dattijo da ke bayansa, shi ma ɗan garin ne, ya gyara murya, ya tambayi Dolores ko da sauran auduga.